Sa Hannun Kir Zisis

Sau tara Kir Zisis Kalogeras, wato Malam Zisis a yarenmu, ya zo ofishin rajista tsakanin huɗu ga Maris da sha biyu ga Afrilu, kuma ko sau ɗaya bai zo da takardar da zan yi aiki a kanta ba. Na san adadin domin ina rubuta duk wanda ya shigo, ko da gaisuwa ce ta kawo shi.

Kafinta ne, shekararsa sittin da takwas. Talatin da huɗu daga ciki ya yi su yana tsayuwa a teburin mawaƙa na hannun dama a cocinmu, shi ke ja, jama'a su amsa. Matarsa ta rasu 'yarsu Mirto tana aji uku, shi ya raine ta, har kitso ya koya. Da doka ta halatta auren jinsi, Mirto ta dawo daga Atina, babban birni, da Fotini, wadda suka shekara bakwai tare, suka ce a nan za a ɗaura, gaban magajin gari. Ana buƙatar shaidu biyu. Mirto ta ce ɗaya babanta ne, ba ta son kowa. Fada Timoleon kuwa, limamin cocin, ya ce duk hannun da ya rubuta suna a wannan takarda ba zai sake buɗe littafin waƙa a teburin ba.

Shi ke nan, ofishina ya zama wurin zamansa.

"Froso 'yata, in na sa hannu da fensir fa?"

"Da biro ake yi, Kir Zisis."

"To in na dangwala yatsa? Ai rubuta suna Fada ya ce."

"Dangwale na wanda bai iya rubutu ba ne. Kai da kake karanta baƙaƙen waƙar da ni ko kansu ban gane ba?"

Zuwansa na biyar ya tambaya ko zai iya cakuɗa rubutun yadda ba mai gane shi. Na ce sunan shaida da lambar katinsa da na'ura ake bugawa a sama. Ya ce wannan na'urar ba ta da tsoron Allah.

Mirto ma ta zo, tana so in nuna mata dokar da za ta hana Fada tsige babanta. Na ce babu, teburin na coci ne, gwamnati ba ta da ta cewa. Ta ce ashe ni ma tasu ce. Kwana biyu bayan nan Fada ya zo, yana so in jinkirta takardun har Mirto ta gaji ta koma. Na ce takardunsu sun cika, ba ni da hurumi. Ya ce a gaishe da mahaifiyata, wadda mace ce mai ibada. Na gane nufinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dukansu biyu, Mirto da Fada, doka ta ba su abin da yake nasu. Na bi ta sashe-sashe, har sau biyu, ban ga inda aka yi maganar tsohon da ke tsakiya ba.

Ranar auren ya zo da baƙar kwat ɗin da yake sawa ranar Ista. Ya danna biron har ya huda takarda, sai da na rubuta bayani a gefe. Bai yi murmushi ba. Ya dubi Fotini ya ce, "Ke, Mirto ba ta cin ɗanyar albasa, ki sani."

"Shekara bakwai fa, Baba. Na sani."

Ran Lahadi mai kantin magani ne ya hau teburin, mutumin kirki, amma muryarsa sai haƙuri. Kir Zisis ya tsaya can baya wajen kyandirori, inda masu makara ke tsayawa. Ya daure a waƙar farko. A ta biyu mai magani ya kuskure, sai muka ji murya daga baya ta ɗauka, jama'a kuwa suka bi muryar da suka saba.

Litinin da ƙarfe takwas da kwata Fada Timoleon ya shigo, ko zama bai yi ba.

"Kiriya Froso, akwai dokar da ta hana mutum ɗaga murya a coci?"

Na ce babu, Fada, 'yancin addini ne. Na rubuta shi a littafi, na tambaye shi ko zai sha kofi.