Baba Ƙararrawa Yana Zaɓen Agogo

A kasuwar Daura Adawiyya ta fara jin sunan. Ta kawo agogon mahaifiyarta shagon Cletus mai agogo a sa masa batir, sai ta ji maƙwabta suna tsokana: "Baba Ƙararrawa, yau ma zabi sun tsira?"

Dogon tsoho ne siriri, taguwarsa na ƙarnin kifi, maharbi da rani, masunci da damina. Wai ɗansa ne ya aiko masa da agogo mai kuka duk awa. Suna kwanton zabin daji shi da abokansa agogon ya yi kukansa, zabin suka watse. Abokan farauta suka ce ya canza agogo ko ya zauna gida.

Ga shi nan tsugune, yana tsoma agogunan Cletus cikin bokitin ruwa, yana ƙwanƙwasa su a ƙotar gatarinsa.

"Baba, a hankali, ba dutse ba ne," in ji Cletus.

"Wanda bai jure nan ba, ina zai jure daji?"

Ya kara ɗaya a kunne, ya daɗe yana sauraro. Da alama ƙarar bindiga ta cinye kunnen tuni. Sai ya miƙa wa Adawiyya.

"'Yata, ara mini kunnenki. Ko motsi kika ji ki faɗa mini, don zabuwa ta fi ki ji."