Garayar da Baba Yunana Ya Kawo

Ni ban taɓa sakin jiki da mutumin da za ka yi wa tambaya ya ba ka labari ba, kuma Baba Yunana haka yake. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a ƙauyenmu na bayan Furana. Ni ke buga tulu a zumuntar mata, shi kuwa shi ne mai bisharar majami'armu tun ina goyon fari. Ka ce masa, "Baba, yau za a yi ruwa?" sai ya gyara zama ya kawo maka labarin wani mutumin Paki da ya dasa barkono a kan tudu. Kafin ya gama ka manta abin da ka tambaya. Mutane suna cewa baiwa ce. Ni dai a ganina wanda ba ya ɓoye komai, e ko a'a ta ishe shi.

Haifaffen Janfalan ne. Ubansa makaɗin garaya ne na 'yan bori, wanda ake zuwa ɗauka har daga Kudan. 'Ya'ya biyu ya bari: Hassana, wadda ta musulunta ta yi aure a can Janfalan, da ƙaninta Yunana, wanda ya bi wani mai wa'azi yana saurayi. A wurinmu, wanda ya fito daga irin wannan gida ba ya shiga ruwan baftisma sai ya kwaso layu da guraye da duk tarkacen gado, an tara a ƙofar majami'a an cinna wuta a gaban jama'a. Tsofaffin da suka ga ranar tasa sun ce buhu guda ya kawo. Garayar ubansa ce kawai ba wanda ya tuna ya gani a cikin wutar.

Ya yi aiki a Makarfi, inda ya auri Mama Lucia, 'yar kudancin Kaduna, ya yi a Kudan, daga baya aka turo shi wurinmu. Da gonar rake ya yi wa 'ya'yansa makaranta. A gonar kuma yake samo waƙoƙinsa, ya dawo da fartanya a kafaɗa yana ƙunƙuni, ran Lahadi sai ka ji sabuwar waƙa a bakin yara. Rabin abin da muke rerawa nasa ne. Ba zan ci haƙƙinsa ba: ranar da muka binne maigidana, waƙar da ya tayar a bakin kabari ita ta tsayar da ni a kan ƙafafuna. Ina ƙaunar tsohon nan. Ƙaunar ce ba ta rufe mini ido ba.

Bara bayan girbi ya tsiri tafiya. Da hantsi sai ka ji ya tayar da babur, ba ya dawowa sai rana ta karkata. In na tambayi Mama Lucia ta kan katanga sai ta ce, "Ya je duba Yaya," ta ci gaba da tankaɗenta ba ta dube ni ba. Wace irin dubiya ce ba ta ƙarewa?

Wata rana na kai mazarƙwaila Janfalan, hanya ta bi da ni ta bayan gidan Hassana. Babur ɗinsa na jingine a gindin darbejiya, daga ciki kuma garaya ce ke tashi. Na tsaya cak. Abin da ya fi tayar mini da tsikar jiki, na san kiɗan. Shi ne ainihin amon waƙar da muke yi lokacin baiko, wato kai sadaka a majami'a, wadda nake bugawa da tuluna kowane mako. Ashe da kiɗan gidan bori muke taka rawa zuwa gaban bagade? Ina isa gida na wuce wurin Dattijo Henry, shugaban dattawan ikilisiya, na faɗa masa abin da kunnena ya ji. Har yau ban ga laifina ba.

Aka zauna ran Lahadi bayan an tashi sujada, aka kira ni shaida. Dattijo Henry ya ce, "Baba, garayar mahaifinka tana nan ko ba ta nan?"

Baba Yunana ya gyara zama. "Akwai wani mutum a Makarfi..."

"Baba, ka yi haƙuri. Yau ba ranar labari ba ce."

Baba ya dubi tafin hannunsa. "Tana nan," ya ce. "A ɗakin Yaya take tun rasuwar mahaifinmu. Yaya ta daina gane mutane. Ba ta gane ɗanta Muktar, ba ta gane ni. A kai mata abinci ta datse haƙora. In na kaɗa, sai ta ɗauka tana gidanmu muna yara, ta buɗe baki ta ci, ta yi kwana biyu tana karɓa. Muktar ya ɗauki kiɗan a waya, ta ƙi. Ba ta ci sai ta ga garayar, ta shafa ta. Ba na kiran kowa da ita. Tuwo nake ba 'yar'uwata."

Wasu suka sunkuyar da kai. Dattijo Henry ba mugu ba ne, amma ya ce da bakinsa Baba ya sa mutane da yawa suka ƙona na iyayensu, me za a gaya musu? Aka yanke: ko ya kawo ta a ƙona mako mai zuwa, ko a sa shi horo. Horo a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Ka koma bencin baya, ba ka wa'azi, ba ka tayar da waƙa, ba ka cin jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da ake zagayawa da ita a faranti. Ga mutumin da ya tsufa a gaban jama'a, wannan kusan binne shi ne da rai.

Da yamma Mama Lucia ta leƙo ta katanga. "Maman Jessica, kin kyauta," ta ce, ta koma ciki.

Ran Lahadin Baba Yunana ya zo da garayar a naɗe cikin tsohon zane. Ya kwance da kansa, ya aza a kan kara, Dattijo Henry ya yayyafa kalanzir. Mata suka tayar da waƙa, wasu suna share hawaye. Ni ina kusa, kuma idona ba ya ƙarya. Fatar garayar nan fara ce sol. Wuyanta ba santsin hannu ko kaɗan. Ko muciyata da na shekara biyu ina tuƙi da ita ta fi ta alamar an riƙe. Abin da aka kaɗa tun kafin a haife ni, haka zai kasance? Na dubi Baba Yunana, yana kallon wutar. Na dubi Mama Lucia, ta kau da kai.

Na ƙyale aka kwana biyu, sannan na shirya na tafi Janfalan da sunan gaisuwa. Muktar ya tare ni a zaure, muka gaisa har ƙasa, amma bai ji daɗin ganina ba. Ya ce su ma ba su huta ba, maƙwabta suna cewa Kawu yana zuwa ne ya sace imanin tsohuwa da waƙar coci. Ya kai ni ciki da ƙyar. Hassana na zaune a kan tabarma, kumatunta sun ciko, tana lasar ludayin fura.

Na ce, "Malam Muktar, jiki ya yi kyau. Yanzu me ake yi mata take ci?"

"Allah ne ke ciyar da ita, Inna," ya ce, ya miƙa hannu ya ja labulen ɗakinta ya rufe.

A hanyar dawowa raina a ɓace yake, ban kuma san da wa nake fushi ba. Na yi ta juya maganar a kan babur ɗin haya. In na buɗe baki, za a je a ciro ta gaske, tsohuwar nan ta datse haƙora. Da Dattijo Henry ya tambaye ni yadda na same ta, cewa na yi da sauƙi.

Baba Yunana yana nan a gaba. Yana wa'azi, yana tayar da waƙa, yara suna kewaye shi, babur ɗinsa kuma bai daina tashi da hantsi ba. Dattawa sun ce magana ta wuce. Ni ce dai ban daina kallonsa ba. Duk ƙarshen wata fasto yana zuwa daga Ikara a ci jibin Ubangiji, kowa ya rufe ido yana addu'a, ni nawa a buɗe. Tun ranar da aka yi wutar nan, in faranti ya iso wurinsa, sai ya riƙe shi da hannu biyu ya ɗan jima, ya miƙa wa na kusa da shi bai ɗauka ba.