Warin Fenti

Mai Fenti ya gyara bangon rabin gari, na ɗakinsa kuwa ɓawo yake zubarwa. Hannunsa ba ya rawa a kan tsani, muddin ya kurɓa. Matarsa, Uwar Biyu, ta gano haka tun tana amarya, ta kuwa samo masa mayafi. Duk wanda ya toshe hanci sai ta ce, "Warin fenti ne." Da wannan maganar ta yaye 'ya'ya, da ita ta yi furfura.

Bana abinci ya daina shiga, sai kwalba. Ya yi ta amai, wata safiya harshe ya karye, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. A asibiti kowa ya ce shanyewar jiki ce. Aka ɗauki hoton kai, ba jini, ba toshewa. Ana ta magani yana ta baya, har ruwa ya koma sarƙe shi. Mutumin da bakinsa bai taɓa hutawa ba, sai ido kawai ke motsi.

Likita ta tsaya a gefen gado, yayan Mai Fenti na tsaye hannu a baya, irin masu zuwa dubiya da fuskar alƙali.

"Baba, wannan bai yi min kama da shanyewar jiki ba, ɓari biyu ya kama," in ji likita, tana duban yayan. "Akwai ciwon da ke cinye rigar jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa, kamar wayar wuta da robarta ta saɓule. Giya da rashin ci na jawo shi. In shi ne, hoton daban, kulawar daban. Yana sha?"

"A gidanmu?" in ji yayan. "Likita, iya bakinki."

Uwar Biyu ta dubi ƙasa. Yawu na bin gemun mijinta, ta sa gefen zane ta goge.

Likita ta sunkuya. "Malam, in kana sha, ƙifta sau biyu. In ba ka sha, sau ɗaya."

Ya kalli yayansa. Ya ƙifta sau ɗaya.

"Kin gani," in ji yayan.

"Ƙarya yake," in ji Uwar Biyu. "Ja'iri, baki ya mutu ka koma yi da ido? Yana sha, likita. Tun kafin a haifi yaran nan. Cikin gwangwanin fenti yake ɓoye kwalbar, ni nake zubar da ita in ta ƙare. Yaya, ka tsine min daga baya, yanzu matsa a wuce da shi."

Hoto na biyu ya nuna tabon, tsakiyar gindin ƙwaƙwalwa. Likita ta ce wasu kan tashi a hankali, wasu ba sa tashi, ba ta yi alkawari ba.

Yayan bai sake leƙowa ba. Uwar Biyu ta ja kujera, ta riƙe hannun da har yanzu akwai shuɗi a farcensa.

"Tsohon banza, matsa min yatsa."

Tana nan tana jira.