Kwalbar Kawu Nomau

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin Kawu Nomau a kasuwar Boɗinga ya san shi da sandar awo. Yana cikin taka keken ɗinki sai ya tsaya, ya ƙwala wa ƙafarsa sandar, ya ce: "Tashi, raguwa! Maigida na aiki kina kwana?" Mu yi ta dariya. Ashe ciwo ne.

Kun kuma san shi da abinci. Tuwo da miyar kuka, yau da gobe. Nama? "Na baƙi na." Ƙwai? "Kaza guda za ni haɗiyewa tun ba ta yi gashi ba?" Nono kuwa, ya ce tun ranar da aka yaye shi suka yi sallama.

Da ƙafafun suka matsa masa, ni ɗan ƙanwarsa na taso daga Shagari da babur ɗina mai ƙafa uku, na kai shi asibiti. Likita ya ce yana zargin ƙarancin bitamin, a auna fitsari. Ya miƙo wata 'yar kwalba.

"Ranka shi daɗe, mi za ka yi da shi?"

"Dubawa za mu yi, Baba."

"Shekara saba'in ina zubda shi bayan katanga ba wanda yat tambaya. Yau ya zama zinariya?"

Muna zagayawa ya tura mini kwalbar. "Sahabi, cika ta."

"Haba Kawu!"

"Ba jini guda muke ba? To hitsari ma guda na."

Wallahi dariya ce ta ci ƙarfina. Na cika.

Sakamako ya fito tas. Likita ya yi ta juya takardar, ya ce to a dawo a ɗebi jini. Ina! Kawu ya liƙa takardar a bangon shago, kowa ya shigo sai ya nuna masa: "Na'ura ta ce kamar ɗan shekara talatin nike!" Ni ne ɗan talatin ɗin.

Bayan damina biyu ya kasa taka keke sam. Muka koma, na faɗa wa likita gaskiya kaina a sunkuye. Aka auna na ainihi. Bitamin ɗin da ke cikin nama da ƙwai da nono ne ya ƙare masa. Likita ya ce allura ce kawai maganin da an fara da wuri, amma yanzu jijiyoyin sun riga sun lalace.

A hanyar gida ina tuƙi ina share hawaye. Ya dafa kafaɗata.

"Bar kuka, ɗana, ni nas sa ka. Ko banza mun san kai lahiyarka lau."

Bai sake ɗinka ko hula ba har ya rasu bara. Da na ce masa a'a sau ɗaya tak! Allah ka jiƙan Kawu, ka haskaka makwancinsa, ni kuma ka yafe mini.