Yayana da Ya Kira Zalɓe Agwagwa

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi ne makomarmu. Da hantsin ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda nake bi, bayan jinyar 'yan makonni a asibiti. Ya bar matarsa da 'ya'ya da jikoki, da mu ƙannensa, da kuma wani dattijo a gidana wanda har yau in aka taɓa ƙofa ranar Asabar sai ya waiga.

Yaya, tun da ka rasu masu gaisuwa ke yabonka, kowa da abin da ya riƙe. Abokan aikinka na gidan waya sun ce duk shekarun da ka yi a bayan kanta ba ka taɓa tsawata wa tsoho don ya yi nawa ba, sai dai ka sallame shi ka haɗa masa da labari kyauta. Maƙwabta sun tuna yadda motarka ta zama ta unguwa, duk mai naƙuda ko mai zazzaɓi ƙofarka ake bugawa. Duk gaskiya ne. Amma ba wanda ya ce kai mai shiru-shiru ne, don ko a zaman makoki ba a yin irin wannan ƙarya. Rediyo muke ce maka tun muna yara, mahaifiyarmu kuma takan ce ai shi rediyo ana iya kashe shi. Ni kuwa shirunka na zo gode wa.

Shekara huɗu ke nan da maigidana, Malam, ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo yana koyar da ilimin halittu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Likita ta ce maganar za ta iya dawowa in yana gwadawa. Ya gwada sau ɗaya a gaban baƙi, kalmar ta fito a karkace, wani ya ce, "Allah sarki!" Daga ranar ya rufe bakinsa ruf. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara wa mutane kuskure, har ni matarsa ban tsira ba, ba zai jure a ji tausayin maganarsa ba. Mu kuma muka sa shi gaba: "Malam, ce ruwa." "Baba, faɗi sunana." Sai ka ce aku muke koya wa magana. Ya juya mana baya, ya fuskanci bango. Likita ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa in aka daɗe a haka harshen zai saba da kwanciya. Babban tsorona ke nan, in ƙare rayuwata ban sake jin muryar mijina ba.

Ana cikin haka babbar 'yarmu, da ke aikin jinya a ƙasar waje, ta matsa mu je hutu wurinta, ko canjin iska zai yi amfani. Aka shiga neman namijin da zai riƙa ɗaga Malam daga keke zuwa gado, ka ce kai za ka, alhali kai ma lallaɓa gwiwarka kake yi. Na so in hana. Na ce a raina, a haɗa wanda ba ya magana da wanda ba ya shiru, ai sai ciwon ya ƙaru.

Gidan da surukinmu ya kama mana a bakin wani tafki yake. Yara suka yi ta tsara wuraren zuwa, kantuna da gidan tarihi da wurin wasa, Malam kuwa duk inda aka ambata sai ya girgiza kai. Kai ka fita yawo da safe, ka dawo rataye da madubin hangen nesa na gwanjo, igiyarsa ma ƙulla ta aka yi. Ka ce ka gano wata rumfar katako a bakin ruwa inda mutane ke zama suna kallon tsuntsaye.

"Ku ji ikon Allah," ka ce, "an hana magana a ciki! Ko tari ka yi sai an harare ka."

'Yata ta ce, "Kawu, kai kam kafin ka zauna an koro ka."

Ka ce, "Shi ya sa zan tafi da Malam. Shi ne gwanin wurin, ni ɗan koyo ne."

Na ga Malam ya ɗago ido ya dube ka. Tun da ya kwanta, ranar ce aka fara kiransa gwanin wani abu.

Na bi ku don in ga ƙarshen abin. Rumfar 'yar ƙarama ce, da dogon benci da warin jiƙaƙƙen katako, tagoginta sirara a kwance, ɗaya a ƙasa daidai tsayin mai keke. Nan ka ajiye shi, ka durƙusa a kan gwiwar nan taka mai ciwo, ka tallafe masa madubin ta ɓangaren hannun da ba ya aiki. Ka yi shiru, Yaya. Ina kallon leɓɓanka suna motsi, maganar tana cin ka, kana haɗiye ta kamar magani mai ɗaci. Haka kuka yi ta zuwa kullum, yara suna can yawonsu. Ko sau ɗaya ban ji ka ce masa ya gwada ba.

Wata safiya mu uku ne kaɗai a rumfar, sai ga zalɓe ya sauka a gefen ciyayi, ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ka raɗa, "Malam, dubi wata ƙatuwar agwagwa."

Na dube ka da mamaki. Kai da muka tashi tare a bakin kogi, kai da ka nuna mini zalɓe tun ban san damana da haguna ba. Na buɗe baki zan gyara maka, ka take mini ƙafa.

"Agwagwar ƙasar nan akwai dogon wuya," ka ci gaba. "Ina jin abincinsu ne. In mun koma sai na ba ɗalibanka labari, in ce tare da malaminsu muka gan ta, bai kuwa musa ba."

Fuskar Malam ta murtuke. Hannunsa mai lafiya ya damƙe ƙarfen keken, muƙamuƙinsa ya shiga rawa. Can sai na ji, "Zal...ɓe."

Ko waiwayowa ba ka yi ba. Ka ce, "Na'am? Agwagwa dai."

"Zalɓe ne!"

Da ƙarfi ta fito, a karkace, har tsuntsun ya buɗe fiffike ya tashi. Kai kuwa ba ka rungume shi ba, ba ka yi masa barka ba, sai cewa ka yi, "To, ga shi ka kore ta da surutunka. Ba a magana a nan, Malam." Na fita bayan rumfar na yi kukana har na gode Allah. A hanyar komawa ka ja ni gefe ka ce, "Kada ki yi shela. In aka mai da abin biki, zai koma inda ya fito."

Daga nan ka buɗe shagon kuskure. Dinya ta zama balbela, shaho ya zama kurciya, Malam yana ta fama da kai, kalma ɗaya yau, biyu gobe. Da muka dawo gida ba ka fasa ba. Duk Asabar sai ka zo ka ɗauke shi zuwa bakin ruwan bayan gari, ku dawo yana huci, kana rantsuwa kai ne mai gaskiya. Ya gane wasanka tun da wuri, ya taɓa ce mini, "Yayanki ya san tsuntsayen nan sarai." Amma bai taɓa faɗa maka ba, kai ma ba ka taɓa amsa laifinka ba. Maganarsa ba ta dawo yadda take ba, sai dai ta isa ya kira sunana, ya yi wa jikoki faɗa, ya ce mini gishiri ya yi yawa. Ban taɓa zaton ƙorafin gishiri zai yi mini daɗi haka ba.

Da ciwo ya kwantar da kai, muryarka ce ta fara tafiya. Rediyon gidanmu ya yi tsit, abin ya yi mana nauyi ƙwarai. Malam ya ce a kai shi wurinka asibiti. Aka ajiye kekensa tsakanin gadonka da taga, ya riƙa ba ka labarin abin da ke waje, a hankali, yana tuntuɓe yana tashi. Ana gobe za ka rasu, hankaka ya sauka a kan katangar asibitin. Malam ya ce, "Yaya, ga... agwagwarka ta zo." Ka buɗe ido da ƙyar, ka dubi tagar, ka dube shi, ka girgiza kai kana murmushi. Gyara guda ke nan da ka taɓa yi masa, kuma bai yi musu ba.

Na gode, Yaya. Na gode da gwiwarka da ka durƙusar a kan katako, da maganganun da ka haɗiye, da jahilcin da ka ara ka yafa don mijina ya sami abin gyarawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta haƙura ta bar mana Asabar ɗinka, da 'ya'yanka da jikokinka, da 'yan'uwa da abokan arziki baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta. Yadda ka tallafi bawanSa a lokacin rauni, Allah Ya tallafe ka ranar tsayuwa. Yadda ka zama sanadin buɗewar bakin wani, Allah Ya sauƙaƙa maka amsa tambaya, Ya sa Aljanna ce makomarka. Amin.

Wannan addu'ar ba tawa ba ce, Yaya, rubutawa kawai na yi. Malam ne ya yi ta, da bakinsa.