Dambun Gayya da Ƙwallon Mata

Shekarar da aka yi gasar ƙwallon ƙafa ta mata ta duniya a can ƙarshen ƙasa, inda darensu ne safiyarmu, wasannin suka riƙa faɗowa da hantsi a tsakiyar damina. A ƙauyenmu da ke kusa da Sule Tankarkar, wannan lokacin maza suna gona. Dama sun ce ba abin kallo ba ne. Yayan mijina, wanda bai taɓa buga ko lemon tsami da ƙafa ba, shi ne babban masani. Ya ce mace da ƙwallo ɓata ciyawar fili ne kawai.

Ranar da 'yan matan Najeriya za su yi wasan da in an ci su sai gida, a ranar ne mijina ya kira gayyar maimai, wato noma na biyu, a gonar geronmu. Ni ce da abinci. Wanda ya san gayya ya san ba a wasa da cikin 'yan gayya: in abinci ya makara, sunan matar gida ne zai zaga gari, baɗi kuma a kira mutane su ce suna da uzuri.

Na ɗora dambu da wuri, na leƙa gidan malamar asibiti, maƙwabciyata mai talabijin da sola, da niyyar minti biyar. Minti biyar ɗin nan har yau ina jin kunyarsa. Aka tashi babu ci, aka ƙara lokaci, aka zo bugun fenareti. Ina tsaye da muciya a hannu ina yi wa mai tsaron gida addu'ar da ban taɓa yi wa ƙanwata ba. Aka cinye mu. Na yi kuka sosai, sannan na tuna da tukunya.

Na ɗauko dambun da ya fara kamawa, da fura, na kama hanya rana ta take, ina shirya ƙarya. Itace ne jiƙaƙƙe, zan ce.

Na isa gona, ba kowa. Ga hauyoyi a zube, kunyoyin da aka taɓa ba su fi goma ba. Can kan tudu, inda sabis yake kamawa, na hango gayyar gaba ɗaya a gindin tsamiya, kai da kai a kan waya guda. Masanin namu yana tsakiya, hula a hannu, ido ja wur.

“Da ta buga ƙasa-ƙasa ta hagu, ai da yanzu wani zancen ake,” yake cewa.

Na yi sallama. Wayar ta shige aljihu kamar an yi sata.

“Sannunku da aiki, Yaya,” na ce.

“Yawwa, sannu. Yanzun nan muka ɗan zauna.”

Suka cinye dambun tas, ba wanda ya ji ƙauri. Da suka koma kan hauya rana ta riga ta ci ƙarfinsu, ana la'asar aka watse, rabin gona tana nan da ciyawarta.

Da yamma surukata ta tambayi yadda ƙarti ashirin suka kasa gona ɗaya. Ina bakin murhu ina jin su.

“Inna, ina za a yi noma da yunwa?” in ji Yaya. “Abinci sai bayan azahar. An ce kallon ƙwallo aka tsaya.”

Na dubi mijina. Shi na gani riƙe da wayar a kan tudun, da idona. Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Matar ƙani ba ta ƙaryata yayan miji a gaban uwarsa, ko da shaidu ashirin, balle shaidun duk sun ci dambuna sun yi shiru. Geron bai yi kyau ba a shekarar. Har yau in ana lissafin shekaru a gidanmu, sai Inna ta ce, “Shekarar da ƙwallo ya cinye mana gona,” ta kuma juyo ta kalle ni.