Ranar da Ƙofa Ta Kulle Mai Gidan Hayarmu

Ko da zan tsufa har in manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da Hajiya mai gidan hayarmu ta maƙale a cikin ɗakina.

Lokacin muna Kaura Namoda, ina goyon 'yata ta fari. Maigidana yana sayar da kayan babur, ni kuma ina ɗinki a gida. Mun kama ɗaki ciki da falo a wani gida can wajen tashar jirgi. Mai gidan wata dattijuwa ce 'yar kasuwar hatsi, mai fara'a da kyauta, ba ta zuwa hannu rabbana. Aibinta ɗaya: da ka ambaci gyara sai kunnenta ya toshe.

Matsalarmu ƙofar falo ce. Indararon da ke samanta ya karye tun kafin mu shiga, to da damina ta kankama ruwa kan katakon yake zuba. Ƙofa ta kumbura, bango ya ɗan zauna. In an rufe ta da ƙarfi, sai maigidana ya sa kafaɗa kafin ta buɗu. Muka koma tokare ta da turmi. Duk zuwan Hajiya sai na yi mata magana, amsarta kuma ba ta canzawa.

"Ɗiyata, wa ka shiga, wa ka hita? Ku ne. To ƙohwa taku ta. Ni ɗaki na ba ku."

Maigidana kuma ya kafe, ya ce shi ba zai gyara abin da ya tarar a lalace ba. Haka muka zauna, kowa na jiran kowa, turmi na aikin gadi.

Ran wata Asabar da hantsi sai ga Hajiya cikin leshi ruwan zuma, turare kamar an yi ɓarinsa. Ashe 'yar ƙanenta za a kai Zurmi, ita ce babbar gwaggo mai miƙa amarya. Motoci na jira a bakin titi, ta ce bari ta leƙo ta ga jinjira. Yarinyar na barci a falo, ni ina tsakar gida ina wanki. Ban san abin da ya kai bakina ba, na ce, "Hajiya, a yi hankali da ƙofar nan dai."

Ta tsaya ta dube ni. "Kullum ƙohwa, kullum ƙohwa! Bari in gwada miki lahiyatta lau."

Ta ture turmin da ƙafa, ta shiga, ta maido ƙofar garam. Na ji ta ja. Ta sake ja. Ƙofa ta ƙi buɗuwa.

"Ke, turo daga nan."

Na tura da iya ƙarfina, ko motsi. Matan gidan suka fito muka haɗu muka danna, kamar muna tura dutse. Maigidana ya tafi Shinkafi kai kaya, tagar kuma duk ƙarafuna ce. Ƙarar ta tayar da yarinya, ta tsanyare da kuka, ni kuma nono ya cika min, ina jin ta ba halin ɗauka. Nan dariyar da nake dannewa ta gudu.

Ta taga na ga Hajiya ta ajiye jaka, ta cire mayafinta mai tsada ta goya yarinyar da shi, tana jijjiga tana zagaya falo. Wayarta kuwa sai ruri take. Masu kai amarya sun ƙosa, don kowa ya san hanyar nan ana so a je a dawo da sauran rana.

Wata maƙwabciyata ta tari keke napep ta ɗauko kafinta daga kasuwa. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce sai dai a ɓalle ta gaba ɗaya. Sannan ya rungume gudumarsa ya tsaya.

"Ni fa ba na fasa ƙofa sai mai ita ya ce. An taɓa kai ni gaban mai unguwa a kan haka. Ta wa ce?"

Na buɗe baki ke nan, sai muryar Hajiya ta fito ta taga, har ta fi ta yarinyar ƙarfi.

"Tawa ta! Gidana na, ƙohwata ta! Ɓalle ta!"

Matan gidan suka kwashe da dariya, har da mai zama a ƙasa. Kafin a jima ƙofa ta faɗo. Hajiya ta fito sharkaf da zufa, ɗaurin ɗankwali ya karkace, bayan leshin nan kuwa yarinya ta yi masa fitsari. Na karɓi 'yata, ina ba Hajiya haƙuri. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon yarinyar na shan nono, sannan ta ce a hankali, "Da ita kaɗai ta a ciki fa?"

Na ara mata atamfata ta fita kunya, da ita ta miƙa amarya.

Washegari ta dawo da kafinta da magini, ta sa aka kira maigidana. A tsakar gida ta yanke magana: rufi, bango, indararo, ƙofa da duk abin da tsufa ko ruwa ya ci, nata ne, mu dai mu faɗa da wuri. Abin da hannunmu ya ɓata kuwa, da yashe kwata, da ƙwan fitila, da gilashin da yara za su fasa, namu ne. Maigidana ya amince nan take, da yamma ma ya sayo sabuwar sakata ya ce gudummawarsa ce.

Mun ƙara shekaru a gidan lafiya lau. Yanzu da Allah ya hore mana ɗakuna biyu da muke ba da haya, ba na miƙa wa kowa makulli sai mun zagaya tare, mun faɗi wanne ne nawa, wanne ne nasa. Abin da na koya shi ne, in mai gida da ɗan haya suka tsaya jayayya a kan gyara, ɓarnar ba ta tsayawa jiran su gama, kuma wanda za ta faɗa wa sau da yawa ba ya cikin masu gardamar.